Idan shabaka ta ɗauke, me ya rage a hannun malami?

Ranar da na fara shiga aji da majigi, wuta ba ta ɗauke ba. Na faɗi haka tun farko ne saboda duk inda aka tayar da zancen fasahar koyarwa a Sudan, kafin ka rufe baki wani zai ce ai babu kahraba, babu shabaka, wato lantarki da layin intanet a bakinmu na nan. Gaskiya ne, kuma zan zo kansa. Amma a wannan rana dai komai ya zauna daidai. Majigin da na aro ya kama, farin zanen gadon da na rataya a kan sabbura, wato allon aji, bai faɗo ba, yara sama da saba'in 'yan aji huɗu suka yi tsit kamar ruwa ya cinye su.

A Gadarif ne, lokacin da nake tarbiya amaliyya, wato zangon da ake tura ɗalibin kulliyyar tarbiya wata makaranta ya gwada koyarwa a gaban idon tsofaffin hannu. Darasin kusur ne: rabi, sulusi, rubu'i. Dare uku na yi ina haɗa shi a PowerPoint. Da'ira mai ruwan lemo ta fito, ta tsage gida uku, kowane yanki ya zame gefe da 'yar ƙara. Wata ta biyo baya ta tsage gida huɗu. Yara har da tafi. Ni kuwa raina ya yi fari, na ce yau kam na koyar.

Malamar ajin, wata dattijuwa Bahaushiya da ta haura shekara talatin da alli a hannu, tana zaune a baya ba ta ce uffan ba. Saura minti biyar a kaɗa ƙararrawa sai ta taso ta ce, "Ustaz, ara mini su kaɗan." Ta ɗage zanen gadon, ta rubuta sulusi da rubu'i a sabbura, ta ce wanne ya fi girma? Kusan duk hannun da ya tashi rubu'i ya zaɓa. Huɗu ai ta fi uku. Sai ta yago takarda biyu daga wani tsohon daftari ta miƙa wa yara biyu. Ɗaya ya ninka tasa gida uku, ɗaya gida huɗu, kowa ya yago yanki guda, suka ɗora wannan a kan wancan. Daga can baya wani yaro ya ce, "Ashe!" Da muka fito ta dube ni ta ce, "Ɗana, majiginka ya yi kyau, Allah ya yi maka albarka. Sai dai kai ka raba da'irar, su kallo suka yi."

Akwai kuma abin da sai da na karɓi daftarai na gano shi. Lambobin da na sa a hotunan irin na boko ne, 1, 2, 3. Littattafan makarantun Sudan kuwa da lambobin Larabawan gabas ake buga su, inda biyar take kama da ɗan zobe (٥), sifili kuma ɗigo ne kurum (٠). Da na nuna kashi ɗaya cikin 10, wata yarinya ta rubuta ɗaya cikin sha biyar, domin abin da idonta ya saba karantawa ke nan in ta ga sanda da zobe a jere. Yarinyar ba ta da laifi, abin da aka koya mata ta karanta.

Tun daga ranar nake ta juya wata tambaya a raina: in an ce mai shirin zama malami ya koyi fasahar koyarwa, me ya koya ke nan?

A kulliyya muna da madda guda da ake kira tiknulujiyat ta'alim. Tsofaffin malamai har yanzu wasa'il suke ce mata, kayan taimakon koyarwa. Yadda muka karance ta bai bambanta da sauran maddodi ba: ta'arifi, nau'o'i, fa'idoji, matsaloli, ka haddace ka juye a jarrabawa. Mun zana dalar Edgar Dale, Ba'amurken da ya fitar da ita a 1946, wadda ta jera hanyoyin koyo tun daga abin da mutum ya taɓa da hannunsa a gindin dala har zuwa kalmomi zalla a ƙololuwa. Har alƙaluman nan da ake liƙa mata mun haddace, wai mutum yana riƙe kashi 10 na abin da ya karanta, kashi 90 na abin da ya aikata. Dale bai sa waɗannan alƙaluma a dalarsa ba, wasu ne suka ɗora daga baya, kuma babu ingantaccen binciken da ya haife su. Ɗakin kwamfuta kuwa sau biyu muka shige shi, mutum biyar a kan na'ura guda. Ba na ganin baiken malamanmu. Mutumin da yake shiga aji albashinsa na watanni a maƙale, ba shi za ka tambaya me ya sa babu kwamfuta ba. Amma dole a faɗa: mun fito da takardar cin madda, hannunmu bai san aikin ba.

Ɗaya kuskuren namu ne mu matasa. Muna ganin tunda yatsunmu sun iya waya, mun riga mun gama da wannan fanni. Iya Facebook da iya tura kuɗi ta Bankak ba su da haɗi da sanin abin da zai sa yaro ɗan shekara tara ya gane me ya sa sulusi ya fi rubu'i.

Masana tarbiyya sun daɗe da ba abin nan suna. A 1986 Lee Shulman ya ce sanin madda kaɗai bai isa malami ba, sanin dabarun tafiyar da aji ma bai isa ba. Akwai ilimi na uku da ke tsakaninsu: sanin yadda ake koyar da wannan darasi takamaimai, ina yara ke tuntuɓe a cikinsa, wane misali ke buɗe musu kai, wanne ke ƙara ɗaure su. Ustaza ba ta taɓa jin sunan Shulman ba, amma abin da ta yi a minti biyar ɗin nan shi ne maganarsa. Ta san za su zaɓi rubu'i tun kafin ta tambaya, domin shekara talatin tana ganin yara suna faɗawa wannan rami. Shekara ashirin bayan haka, a 2006, Punya Mishra da Matthew Koehler na Jami'ar Jihar Michigan suka ƙara ƙafa ta uku, wato sanin na'ura, suka ce gwanintar malami tana wurin da ukun suka haɗu. Tsarin nasu shi ake kira TPACK. A takarda da'irori uku ne masu shiga juna, kuma na ga abokan karatu da yawa sun zana su tsaf ba tare da sun amfane su da komai ba. Ni yadda na fahimce shi bayan abin da ya same ni, magana ce ta wace tambaya za ka fara yi wa kanka. Ka fara da cewa a ina yaran nan za su ɓata? Sannan me za su yi da hannunsu ko da kansu har ɓatan ya bayyana musu? Sai a ƙarshe ka ce wane kaya ne zai fi yi mini wannan aiki? Ni da ta ƙarshen na fara. Ina da majigi, sai na shiga neman abin da zan nuna da shi.

In ka bi tambayoyin a jere, wata rana amsar takarda ce da ake ninkawa, kuma babu abin kunya a ciki. Wata rana kuwa na'ura ce, ba ta da madadi. Ɗauki darasin kewayar lantarki a makarantar da ba ta da ɗakin gwaji, ba batir, ba wayar lantarki, ba ƙwan fitila. Akwai manhajojin gwaji da ake kira PhET, waɗanda Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel ta fiziya a 2001, ya assasa a Jami'ar Kolorado a 2002. Kyauta ne, an fassara da yawansu zuwa Larabci, kuma ana sauke su a yi aiki da su ba tare da shabaka ba. A ciki yaro zai haɗa batir da waya da ƙwai da yatsansa, ya ƙara ƙwai na biyu ya ga haske ya ragu, ya haɗa baki da bakin batir ya ga wuta ta kama a allo ba wanda ya ƙone. Alli ba zai yi maka wannan ba. To amma ko a nan, in malami ne ya riƙe na'urar yana dannawa yara na kallo, an koma gidan jiya. Sai ka tsayar da su kafin a danna: in muka ƙara ƙwai, haske zai ƙaru ko zai ragu? Kowa ya rubuta amsarsa. Yaron da ya riga ya ɗauki matsayi shi ne idonsa zai buɗe in allo ya ƙaryata shi.

Hotunan PowerPoint ma suna da ƙa'idarsu, kuma Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya ya yi shekaru yana gwada ta. Abin da ya fi tsaya mini a ciki biyu ne: ƙawar da ba ta cikin darasi tana cinye hankalin mai koyo, kuma cika allo da rubutu kana karanta shi da baki yana rage fahimta maimakon ya ƙara. 'Yar ƙarar nan da na sa wa da'irata, wadda yara suka yi wa tafi, tana cikin irin ƙawar da yake nufi.

Kada wani ya ɗauka wannan matsala ta ɗalibi ɗaya ce a Gadarif. Ƙasar Peru ta raba dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci ga 'yan firamare a ƙarƙashin shirin nan na kowane yaro da kwamfutarsa. Da masu bincike na Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka suka auna sakamako a makarantu 319, rahotonsu na 2012 ya nuna yaran sun iya kwamfuta, an kuma ga ɗan ci gaba a kaifin tunaninsu, amma lissafi da karatu suna nan inda suke. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a harkar ilimi ya ce ƙwararan hujjoji kan amfanin waɗannan kayayyaki ba su da yawa, kuma kaso mai tsoka na hujjojin da ake yawo da su daga wurin masu sayar da kayan suke fitowa. Ya ƙara da cewa kayan fasahar ilimi suna sauyawa kusan duk wata 36. Wannan na ƙarshen ya kamata ya tsaya wa duk mai tsara manhajar kulliyyar tarbiya a rai. Digirinmu shekara huɗu ne. In manhajar kwamfuta kaza kaɗai ka koya wa ɗalibi a shekarar farko, kafin ya karɓi shahada ta tsufa.

A gefe guda kuma, muna da misali a ƙasar nan na abin da ya yi aiki. Shirin da yanzu ake kira Can't Wait to Learn, wanda ya bazu zuwa wasu ƙasashe, a Sudan aka haife shi, da haɗin gwiwar ƙungiyar War Child ta Holan, Jami'ar Ahfad ta mata da ke Omdurman da ma'aikatar ilimi. An gwada shi a ƙauyukan da ba su da makaranta, har da na jihar Gadarif. Wasan lissafi ne a ƙaramar kwamfutar hannu, ana cajinta da hasken rana, ba ta bukatar shabaka. An gina shi a kan manhajar karatun makarantun Sudan, kuma duniyar da ke cikin wasan ƙauye ne irin wanda yaran suka sani. Waɗanda suka tsara shi daga yaron suka faro, da inda yake zaune, sannan suka zo kan na'ura.

Yanzu bari in dawo kan kahraba da shabaka, domin a wurinmu ba ƙaramar magana ba ce.

Tun kafin yaƙi ba mu shiga duniyar intanet ta ƙofar da kowa ya shiga ba. Takunkumin tattalin arziki da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan a 1997 sai a Oktoban 2017 aka ɗage shi, kuma a tsakanin nan shafuka da manhajoji da dama a rufe suke gare mu. A 2014 dandalin darussa na Coursera ya toshe masu shiga daga Sudan saboda wannan dalili. Shi ya sa yayyenmu suka ƙware a karɓar manhaja daga wayar aboki maimakon sauke ta daga tushe, kuma wannan sabo ya zo ya yi mana rana. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke, makarantu da jami'o'i suka rufe. Zuwa Oktoban shekarar UNICEF da Save the Children suka ce yara miliyan 19 ba sa zuwa makaranta. Da Wad Madani ta faɗi a Disamba, mutane suka kwararo Gadarif, azuzuwa suka zama ɗakunan kwanan nazihin, waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu. Na ga aji guda da aka raba da zannuwa tsakanin iyalai uku, sabbura ta zama wurin rataye kaya. Sannan a farkon Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke kusan a ƙasar baki ɗaya, wasu wuraren na makonni, wasu na watanni. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare da ya kamata su zana jarrabawar shahada a 2023 ba su zauna mata ba sai ƙarshen Disambar 2024.

Wannan lokaci ya tace mana kayan aiki tas. Duk abin da ke bukatar ka zauna a kan layi awa guda, kamar darasin bidiyo kai tsaye, shi ya fara mutuwa. Abin da ya rayu shi ne abin da aka riga aka sauke: littafin manhaja da aka ɗauka a hoto, saƙon murya, fayil a memori da ake turawa daga waya zuwa waya ta Bluetooth. Jami'o'in da suka ci gaba da karatu daga nesa, da yawa a guruf-guruf na WhatsApp da Telegram suka rayu, malami ya tura murya da takarda, ɗalibi ya sauke ranar da Allah ya kawo shabaka. Abokaina da suka ajiye duk takardunsu a intanet kaɗai, Fabrairun nan ta bar su hannu rabbana. Don haka ni yanzu in zan shirya darasi, da ranar da ta fi muni nake auna shi. In babu wuta, babu layi, wayata kaɗai ce da rabin caji, zai tafi? In ba zai tafi ba, ban gama shiri ba. Akwai kayan da aka ƙera musamman don irin halinmu, kuma abin takaici ba a ambace su a kulliyya ba ko sau ɗaya: Kiwix, da ke ba ka damar ɗaukar Wikipedia ta Larabci a waya ka karanta ba layi, Kolibri, da ke mayar da kwamfuta guda rumbun darussa da wayoyin da ke kusa za su ɗiba, GeoGebra ta lissafi da zanen siffofi. Kowanne cikinsu wuni guda ya isa a nuna wa ɗalibi.

Sai kuma tambayar da nake ganin ya kamata kowane sabon malami ya yi a makonsa na farko, ba tare da ya kunyata kowa ba: wa ke da waya a gidanku, wace iri ce, kuma a hannun wa take kwana? Gadarif ƙasar riɗi ce da dawa. In kaka ta yi, magidanta da samari suna tafiya manyan gonaki su yi makonni, waya kuma tare da su take tafiya. A wasu gidajen ɗa namiji zai ɗauki wayar uba ba wanda zai ce masa kanzil, 'ya mace kuwa sai ta nemi izini, wani lokacin ma a hana. In ka ɗora aikin gida a kan waya ba ka san wannan ba, ka raba ajinka biyu da hannunka, kuma waɗanda dama suke baya su za ka ƙara turawa baya. Rasidin waya, wato katin da za a sauke fayil da shi, shi ma kuɗi ne, daga kuɗin cefane ake cire shi.

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu mu Hausawa musamman, kuma ban taɓa jin an tattauna shi a wata lacca ba. Kakanninmu hanyar hajji ta zaunar da su a ƙasar nan, wasu kuma hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, irin mutanen Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru da suka kafa garin Mayurno a bakin Shuɗin Nilu. Yau muna Nyala, muna Kosti, muna Sinnar da Damazin da Kasala har Port Sudan. Yaro a unguwarmu da Hausa yake tashi, ya yi Alƙur'ani a khalwa, ya tsinci Larabcin kasuwa a titi, sannan ya shiga aji a fuskance shi da Larabcin littafi. A wasu ƙauyukan ma Larabcin titin bai gama zama a bakinsa ba ranar da aka sa shi makaranta. Wani zai ce ai intanet cike take da Hausa, a ba su su karanta. To, Hausar intanet da boko ake rubuta ta, mu kuwa akasarinmu da haruffan Larabci muka iya karatu. Ni kaina sai da na girma na zauna na koyi ɓ da ɗ da ƙ. Uwar da za ta taya ɗanta bita ba za ta karanta shafin Hausa na boko ba, amma ta tashi tana jin sashen Hausa na BBC a rediyon mahaifinta. Kunne shi ne ƙofarmu.

Wannan ya sa kayan aikin da ya fi yi mini amfani a duk zangon nan ba majigi ba ne, saƙon murya ne na minti biyu. Ina faɗin kalmar darasin da Larabci, in warware ta da Hausa da misalin gida, kamar raba kisra guda, gurasarmu ta dawa, tsakanin yara uku ko huɗu, sannan in koma kan kalmar Larabcin in maimaita, domin da ita za a yi jarrabawa. Murya ba ta cin rasidi kamar bidiyo, kuma ko ƙaramar waya mai maɓallai tana kunna ta in an sa a memori. Ba kowa ya yi na'am ba. Wani dattijo ya tare ni bayan la'asar ya ce, "Malam, Larabci muka kai su su koya, Hausa ai suna da ita a gida." Na fahimci tsoronsa sarai, domin ya san abin da rashin Larabci mai kyau ke jawo wa ɗan Bahaushe a ofis da wurin neman aiki. Na ce, "Baba, Hausar tsani ce, Larabcin nake so su hau." Ya yi shiru, ya ce to a dai riƙa ƙarewa da Larabcin. Haka nake yi. Kuma tunda ajin ba Hausawa kaɗai ba ne, akwai 'ya'yan nazihin daga Jazira da Khartum, kowace murya sau biyu nake ɗaukarta, ɗaya da Hausa, ɗaya da Larabcin Sudan na yau da kullum.

Amfanin waya mafi girma ga mai koyon malanta, a ganina, ba ma a kan yara yake ba, a kansa yake. A farkon shekarun 1960 Jami'ar Stanford ta fito da dabarar ƙaramin darasi: ɗalibi ya koyar na 'yan mintoci, a ɗauke shi, ya kalla, a yi masa gyara, ya sake. A wancan zamani sai da kayan ɗaukar hoto masu tsada. Yau jingina wayarka za ka yi da kofin shayi a kan taga. Ranar da na fara kallon kaina na ƙirga tsakanin tambayata da lokacin da nake amsa wa kaina ko in tsallaka kan wani yaro: ko numfashi biyu ba na yi. Mary Budd Rowe ta auna wannan a azuzuwan Amurka tun shekarun 1970, ta tarar malamai kusan daƙiƙa ɗaya suke jira, kuma in aka kai jiran daƙiƙa uku amsoshin yara suna tsawo, masu ɗaga hannu suna ƙaruwa. To ina ga yaron da sai ya juya tambayar daga Larabci zuwa Hausa a kansa, ya samo amsa, ya sake mayar da ita Larabci? Ba wanda ya taɓa gaya mini ina da wannan gaggawa, sai da na gani da idona. Irin wannan tarbiyya ba baƙuwa ba ce a Sudan. Cibiyar horar da malamai ta Bakhtar Ruda, da aka kafa a 1934 kusa da Duwaim a bakin Farin Nilu, ta yi suna ne saboda darasi ba ya shiga littafi sai an gwada shi a kan yara na gaske an gyara. Sunanta ya kai har Arewacin Nijeriya. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi yana cikin waɗanda aka turo karatu can a tsakiyar shekarun 1950.

Wayar da nake ɗaukar kaina da ita, fuskata kaɗai take kallo, kuma da gangan ne. Na ga abokai suna ɗaukar hoton yaran nazihin a aji suna sawa a Facebook da kyakkyawar niyya, har da sunan makaranta. A lokacin yaƙi ba ka san wa iyalin yaron suka gudo wa ba, ba ka san wa ke neman su ba. Manhajojin ma ba duka ne amintattu ba. A 2022 Human Rights Watch ta binciki kayan karatun intanet sama da 160 da gwamnatoci suka amince da su lokacin korona, ta tarar kashi 89 cikin ɗari suna iya bibiyar bayanan yara. Kafin ka ce wa uwa ta sauke wata manhaja, kai ka fara duba me take nema a buɗe mata a wayar.

Batun ChatGPT da 'yan uwansa ba zan ja shi ba. Duk 'yan ajinmu suna amfani da su, ni ma haka. Suna da kyau wajen ba ka tambayoyi goma ka zaɓi uku, bayan ka bi lissafin da kanka, don suna yin kuskure da cikakken ƙarfin hali. Haɗarin yana ga daftarin tahadir, inda malami ke rubuta shirin darasinsa. Yanzu cikin minti ɗaya za ka cika shafi da manufofi da matakai, muwajjih, wato mai duba aikin malamai, ya zo ya duba ya sa hannu, alhali kai ba ka zauna ka yi tunanin inda yaranka za su tuntuɓe ba. Wannan zaman tunanin shi ne dalilin da ya sa aka ƙirƙiro daftarin tun asali.

Mako biyu kafin in gama zangon na sake ɗaukar kusur, wannan karon kwatanta biyu cikin uku da uku cikin huɗu. Da takarda muka fara, kowane benci da tasa. Sai da suka yi gardama suka rabu gida biyu sannan na fito da waya, benci-benci, suka ja layin lamba da yatsa suka ga inda kowanne ya faɗa, lambobin kuma na rubuta musu a sabbura da irin waɗanda suka sani. Ba duka suka gane ba; da na duba daftarai, kusan kashi ɗaya cikin uku na ajin suna nan da sauran aiki. Bayan an tashi Ustaza ta kira ni ofis ta ciro wayarta daga jaka ta ce, "Ɗana, zo nuna mini yadda kake sa muryar nan a memori. Akwai jadawalin ninki da nake rera musu tun kafin a haife ka, ina so ya shiga gidaje." Muka ɗauka sau huɗu kafin ta gamsu da muryarta. Yarinyar nan mai sha biyar kuwa ba ta samu ji ba tukuna, wayar gidansu tana gona tare da mahaifinta sai an gama yankan dawa, don haka Ustaza ta ce za ta riƙa tsayar da ita minti goma bayan tashi ta kunna mata a tata.